Takardu Uku a Kan Buhun Wake

Bana kwaleji ta turo mana matasa su gwada koyarwa, daidai lokacin da ni kuma nake shirin ajiye alli. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, kuma darasin noma nake koyarwa a cikinta tun gemuna yana baƙi. A cikin matasan akwai wata mai kaifin baki, Ummi, ƙanwar wani tsohon ɗalibina da ake kira Tasi'u. Ran nan an fita tara, muna zaune a gindin darbejiya, ta ga ina gyara kwalin takarduna, sai tausayina ya kama ta.

"Baba Malam, ku dai kun sha wahala," in ji ta. "Mu yanzu aikin ya yi sauƙi. Duk abin da nake so yara su sani, sai in shiga waya in samo rubutu goma a kansa, in buga in raba musu. Wannan ya faɗi nasa, wancan ya faɗi nasa, su karanta su gane. Shi ke nan."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ban ga laifinta ba, kallon kitse take yi wa rogo. Na ce su jawo benci su matso. Abin da na faɗa musu ran nan shi nake rubutawa a nan, don na lura ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Alli, da tsumman goge allo, da fartanyu na gonar makaranta, sai kwalin nan. Kwalin sabulu ne, na sha canza shi saboda gara da damina, amma abin da ke ciki yana nan: takardun da malaman gona ke rabawa, tallan masu sayar da iri da taki, bayanin da ake mannawa a jikin gwangwanin maganin ƙwari, da guntayen jaridu. Wasu jaridun ma daga wurin mai tsire na ceto su, har yau in ka shinshina za ka ji ƙuli-ƙuli. Yara suka sa mini suna Malam Mai Kwali, suna tsammanin ban sani ba. Saboda haka rubutu goma da Ummi ke taƙama da shi, na riga ta tara shi tun ba ta yi wayo ba. Tara takardu ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne abin da yaro zai yi da su idan suka saɓa wa juna, kuma kusan kullum sai sun saɓa.

A kwaleji an koya mini yadda ake tsara darasi, da yadda ake rubutu a allo ba tare da ka ba wa aji ƙeya ba. Amma ainihin sana'ar a zauren Baffana na gan ta, yayan mahaifina, wanda malamin zaure ne. In mutum ya zo masa da tambaya a kan iyakar gona ko rabon gado, Baffa ba ya buɗe littafi ɗaya. Biyu ko uku zai buɗe a kan buzu, ya danne wannan da kwalbar tawada, ya danne wancan da tasbaha don kada iska ta juya masa shafi. Ya duba nan, ya duba can, sannan ya juyo ya hau mai tambaya da tambayoyi. Gonar fadama ce ko jigawa? Wa ya fara share ta? Itacen da ke tsakani wa ya dasa? Mutum ya zo neman amsa, sai ya tarar shi ake tambaya, har ya fara duban ƙofa. Na taɓa ce masa me zai hana ya karanta musu abin da babban littafin ya faɗa kowa ya huta. Ya ce, "Kowane ɗaya daga cikin malaman da suka rubuta littattafan nan a wani gari ya zauna, kuma wasu mutane ne suka tambaye shi. In ba ka san garinsa ba, sai ka ɗinka wa mutum riga da awon wani."

Shekarata ta farko a aji na gane abin da yake nufi. Littafin noma da muke aiki da shi ya ce a shuka masara a watan Afrilu. Na yi gwaji, na tambayi lokacin shuka masara, aji kaf suka rubuta Afrilu. 'Ya'yan manoma ne fa, kowa a bayan garma ya girma. Na fitar da su waje cikin ranar bazara, na miƙa wa wani fartanya na ce ya sara. Fartanya ta daki ƙasa ta yi tsalle ta dawo. Na ce to ga Afrilu, bismillah, shuka. Suka kwashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, ai mun san ba a shuka yanzu. Amma littafi ne ya faɗa." Littafin bai yi ƙarya ba. Wanda ya rubuta shi a kudu yake zaune, inda ruwa ke sauka mu muna nan muna fifita.

Kada mai karatu ya yi wa yaran dariya. Mu mutanen nan da girmama rubutu aka tashe mu. Yaro in ya ga takarda a ƙasa ba ya taka ta, ɗauka yake yi ya soke ta a danga ko ya cusa ta a tsagar katanga, ko da kuwa takardar ganyen shayi ce. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma har gobe haka nake yi. Sai dai yaro yakan zo aji ya ɗauka yi wa takarda tambaya rashin kunya ne, kamar ya tsare dattijo ya ce masa a ina ya ji. Rabin aikina shi ne in nuna masa ana iya ɗaga takarda daga ƙasa, a karkaɗe mata ƙura, a kuma tambaye ta.

Da iyaye ma na sha fama. Wani uba ya taɓa zuwa har ofishin firinsifal ya ce ina koya wa ɗansa musu, yanzu ko rediyo aka kunna sai yaron ya ce wa ya faɗa. Na ce, "Alhaji, in za ka sayi sa a kasuwa, maganar dillali kaɗai kake ji?" Ya ce a'a, sai ya buɗe bakin san ya duba haƙora. Na ce to haƙoran takarda nake koya wa ɗanka dubawa. Bai gamsu sosai ba, amma ya bar mini yaron.

Ɗalibai kuwa, kowa da halinsa yake shigowa takarda. Akwai mai hadda. Ka ba shi takardu uku masu ƙaryata juna, zai haddace duka ukun, ya zube maka su a jarrabawa a jere, bai ko lura ta farko ta ce fari ta biyu ta ce baƙi ba. Akwai kuma wanda sai abu ya shafe shi yake farkawa. Ka ce yau sassan ganye za mu yi, rabin aji na gyangyaɗi. Ka ce gudawar awaki, yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba zai cinye takardu uku a zama ɗaya, saboda akuyarsa tana kwance a gida. Da farko na ɗauka in yaro na da sha'awa an gama. Ashe sha'awa ma da ciwonta. Mai son abu yakan shiga takarda yana neman abin da ya riga ya ƙudura a ransa, da ya sami layi ɗaya da ya goyi bayansa sai ya rufe sauran. So hana ganin laifi, har a karatu haka yake.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce wadda ƙwari suka cinye wake. Damina ta yi kyau, an samu wake sosai, kowa ya sussuke ya ɗura a buhu yana murna. Kafin bazara, in ka buɗe buhu sai ƙwari su tashi su rufe maka fuska, wake ya koma gari da ɓawo. Ko ƙosai ba ya yi, mai tuya ta ƙi saye. A cikin gidajen da abin ya fi taɓawa har da gidan su Tasi'u. Mahaifinsa ɗan ci-rani ne, da an gama girbi sai ya nufi kudu, ba a ganinsa sai ruwa ya kusa. Waken kuwa na mahaifiyarsa ne, Inna Hajo, shi ne abincin gidan, shi ne irin shuka na baɗi. Tasi'u da kansa ya kwashi garin waken ya zuba wa kaji, yana ganin uwarsa ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Daga ranar ya ƙulla gaba da ƙwarin wake.

Tasi'u a lokacin yana babban aji na biyu. Dogo ne, ba ya son magana, kuma a jarrabawa ta ƙasa ake fara nemansa. Amma da kaka ta sake zagayowa, na rubuta "Ajiyar wake" a allo, sai na ga ya bar bencinsa na baya ya dawo gaba. Na ji daɗi ƙwarai. Ban san me yake shiryawa a gida ba.

Takardu uku na fitar a darasin. Ta farko shafi ne na littafinmu, da Turanci, yana bayanin wata ƙwaya da ake sa wa a buhu, tana fitar da iska mai guba ta kashe ƙwari. Ta biyu talla ce da wani mai sayar da maganin gona ya buga da Hausa, an zana buhu da ƙwaro a kwance ƙafa sama, an rubuta cewa ka sa ƙwaya ka ɗaure baki ka yi barcinka. Ta uku ta malaman gona ce, tana maganar wani sabon buhu mai leda biyu a ciki, wanda ba a sa masa magani, rashin iska ke kashe ƙwarin. A lokacin buhun bai shigo kasuwarmu ba tukuna, mutane ma ba su yarda da shi ba. Na faɗa da bakina cewa ƙwayar nan guba ce, ba abin wasa ba ce. Aji duka suka ce, "To, Malam." Duk wanda ya koyar ya san nauyin wannan "to, Malam." Ba ta kai nauyin ƙaiƙayi ba.

Akwai wata yarinya a ajin, Sa'adatu, 'yar limamin unguwarsu. Ban taɓa koyar da mai ƙwaƙwalwa irin tata ba. Ta sauke Alƙur'ani tun tana ƙarama, kuma da wannan kan take ɗaukar komai. Kafin a tashi ta haddace takardun nan uku. Na ce ta faɗi na littafi, ta miƙe ta rera shi da Turanci tiryan-tiryan, har da layin gargaɗin da ke ƙasan shafin, da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Na ce to a cikin ukun wacce za ki bi? Ta dube ni kamar na ce ta zaɓa tsakanin uwa da uba. Ta ce, "Malam, ai duka daidai ne."

Shi kuwa Tasi'u takarda ɗaya ya riƙe, ta talla. Ya leƙa littafi, ya ga sunan ƙwayar a ciki, ya ce ga shi har littafi ya yarda, ya rufe. Ta malaman gona ko juya bayanta bai yi ba. Daga baya na ji dalili. Mai tallar kawunsa ne, Kawu Bala, ƙanin Inna Hajo, mai shagon maganin gona a kasuwar mako. Shi ya ba shi gwangwanin ƙwayar kyauta don tausayin abin da ya sami 'yar'uwarsa bara. Ka ga yaro yana da ciwo a zuci, ga magani a hannu, ga kawu a bayansa. Wace takarda ce kuma za ta shiga kunnensa?

A darasi na gaba na yi abin da nakan yi in takardu sun ƙi zama wuri ɗaya. Dabarar Baffa ce na juya ta ta zama ta aji. Ba na tambaya wa ya fi gaskiya, don nan take aji zai rabu biyu a hau gardama. Sai in ce a zana mini a allo wurin da mai rubutun yake tsaye lokacin da ya rubuta. Na raba allo gida-gida, na kira Sa'adatu da Tasi'u tare, don na ga abin da wannan ya rasa yana wurin waccan.

Sa'adatu ta fara da littafi. Tunda kowace kalma tana kanta, ba ta sha wahala ba. Ta zana babban sito mai daɓen siminti, buhuna a jibge a kan katako, ƙofa da ƙaton kwaɗo, ba mutum ko ɗaya a ciki. Ta koma ta talla, ta tsaya da alli a hannu tana tunani.

"Malam, wannan ba ɗaki a ciki," ta ce. "Buhu ne kawai da ƙwaro."

Na ce to ki bar gidan haka fanko. Ta malaman gona kuwa akwai hoto a bayanta, wanda Tasi'u bai juya ya gani ba, wata mata ce tsaye a ɗakinta, buhuna a jingine kusa da gado. Ta kwafe shi.

Saura gida ɗaya. Na ce Tasi'u ya zana mana inda nasu waken yake. A nan ya kamata in yi bayani ga wanda bai san ƙauye ba. Rumbu na gero ne da dawa, a dami ake zuba su. Waken da aka sussuke ba a barinsa a waje, saboda ɓarayi da ɓeraye da awaki. Kuma dukiyar mace ce, inda idonta yake a nan ake ajiye shi, wato a ɗakin da take kwana. Haka ake yi a kowane gida, ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki. Tasi'u ya zana ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya, ya zana gado, ya zana buhuna a kusurwa, ya ja wani dogon layi a gindinsu.

Sa'adatu, wadda tunda na san ta ba ta taɓa yin tambaya a aji ba, ta nuna layin da alli.

"Wannan mene ne?"

"Tabarma."

"Ta wa?"

"Ta ƙannena, Ummi da Sani. A nan suke kwana."

Ta dubi zanensa, ta dubi siton da ta zana mai kwaɗo a ƙofa, ta sake duban nasa. Na ga leɓenta yana motsi, tana bin haddarta daga farko, har ta iso ƙasan shafi ta tsaya cak. Sai ta faɗi layin nan da ta rera mana a wancan darasin, amma wannan karon da Hausa, kuma ba ni take kallo ba.

"Tasi'u, littafin cewa ya yi kada a sa ta a inda mutum ko dabba ke kwana. Iskar tana fita ta jikin buhu."

"Na ɗaure bakin tam," in ji shi. "Kuma Kawu kullum yana sawa, ba abin da ya taɓa samunsa."

Ni ma a nan na farga, don "na ɗaure" ya ce, bai ce "zan ɗaure" ba. Na ce, "A ina Kawun naka yake sawa?"

"A shagonsa na kasuwa."

"Wa ke kwana a shagon?"

Allin da ke hannunsa ya karye biyu.

"Malam," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "da safen nan na sa. Kuma Ummi ba ta da lafiya, mura take yi, Inna ta ce yau a ɗaki za ta wuni."

Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na ce wa Sa'adatu ta je ta gaya wa firinsifal, na ja hannun yaron muka yi wajen babur ɗina. Babur ɗin nan tsoho ne mai taurin kai, kullum sai na yi masa magiya, amma ran nan taka ɗaya ya tashi. Muka bi ta burtali, karan dawa na dukan ƙafafunmu, yaron a bayana sai salati yake yi. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji a bakin aiki ba.

Inna Hajo tana tsakar gida tana daka. Ta ga ɗanta ya faɗo gida da malami a bayansa ba ko sallama, ta saki taɓarya. Tasi'u ya banke labule. Wani wari ya buge mu, kamar na tafarnuwa da ta ruɓe. Yarinyar tana kwance a tabarma, kanta a jikin buhu. Ya sungumo ta ya fito da ita rana. Na ɗan girgiza ta ba ta motsa ba, na sake girgizawa, sai ta buɗe ido ta ga baƙuwar fuska, ta tsala ihu. Na sha jin kukan yara a duniya, ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Na zauna a kan turmi ina ta alhamdu lillahi.

Muka ɗaure hanci da tsumma, muka jawo buhunan waje har bayan danga. Maƙwabta suka taru suna kallon yaro yana jan waken uwarsa a ƙasa tsakar rana, wasu har suna cewa ko motsuwa ya yi. Aka ɗauki yarinyar da Inna Hajo zuwa asibiti a cikin gari, don ita ma tun hantsi take jin kanta na sara, ta ɗauka rana ce. Aka duba su, aka riƙe su na ɗan lokaci, aka sallame su lafiya. Ma'aikacin da ya duba su ya ce Allah ya rufa asiri da ba a kai ga kwana a ɗakin ba. Aka bar ɗakin a buɗe ya sha iska, gidan suka yi ta kwana a maƙwabta har warin ya tafi.

Waken kuwa bai salwanta ba. Muna da wani tsohon sito a bayan makaranta, nesa da azuzuwa, mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe. Firinsifal ya ba da makulli, aka kai buhunan can aka sa kwaɗo, irin wanda Sa'adatu ta zana. A nan ƙwayar ta yi aikinta kamar yadda littafi ya faɗa. Bayan lokacin ya cika aka buɗe, aka shanya waken ya sha iska sosai. Har ruwa ya sauka Inna Hajo na da na ci da na shuka.

Da labari ya kai wa Kawu Bala, ya rufe shago ya zo da gudu. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana maimaita cewa shi bai ce a sa a ɗakin kwana ba. Gaskiya ya faɗa, bai ce ba. Bai kuma ce kada a sa ba, don shagonsa ne a ransa da ya ba da bugun tallar. Daga baya ya tattara sauran takardun ya daina raba su. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, a cikin takardun nan uku ba wadda ta yi ƙarya. Kowacce gaskiyar ɗakinta ta faɗa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ɗaya daga cikin marubutan da ya taɓa leƙa ɗakin Inna Hajo. Tasi'u ya san ɗakin amma ya ƙi karanta sauran takardun. Sa'adatu ta karance su duka amma ba ta taɓa ɗora su a kan wani ɗaki ba. Da ɗayansu kaɗai na kira gaban allo, da labarin da nake bayarwa yau wani ne daban.

Ba zan ce yaran sun canza a rana ɗaya ba. Tasi'u bai dawo na ɗaya a aji ba, har ya gama ta ƙasa ake nemansa. Amma daga ranar, in na ba shi takarda sai ya juya bayanta tukuna. Yanzu shi ke riƙe da shagon kawun nasa, kuma an ce in ka je sayen ƙwayar nan sai ya tambaye ka wa ke kwana a inda za ka ajiye buhun, in bai gamsu ba ya miƙo maka buhu mai leda ya ce ka yi haƙuri. Sa'adatu kuwa ta zama mai yawan tambaya har sauran malamai suka fara kawo mini ƙara. Aikin jinya ta karanta.

Da na kai nan a labarin, na ɗago na dubi matasan da ke kan benci. Ummi ta ajiye wayarta a cinya.

"A gida cewa ake yi ranar da Yaya ya yi wurgi da wake," ta ce. "Dariya muke yi masa. Ni Inna ce mini ta yi mura ce ta kai ni asibiti."

Na ce ai ba ta yi ƙarya ba, kina da mura.

Sai ta ce, "Baba Malam, tabarmar a ina take?"

Na ciro guntun alli daga aljihu, na zana mata a kan bencin da muke zaune. Ga taga, ga gado, ga buhuna a kusurwa, ga layi a gindinsu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta karɓi allin daga hannuna, ta ɗiga ɗan ɗigo a ƙarshen layin, daidai inda ya haɗu da buhu.

An buga ƙararrawa, kowa ya miƙe. Ta tattara takardun da ta bugo daga waya, ta nufi ajinta da allina a hannu. Da na zo wucewa ta jikin taga, na ga ba ta raba takardun ba tukuna, tana tsaye tana raba allo gida-gida, ta bar gida ɗaya na ƙarshe fanko. Ban nemi ta dawo mini da allin ba.